Yanda ake wuce binciken gida kafin a baku riƙon yara a Amurka, daga farko har lasisi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda muka fara riƙon yaran fosta, wato yaran da hukuma ta cire daga gidajensu ta bada riƙo, tambayar da nafi sha a wurin suna da biki ita ce, wai da gaske ne sai sun shigo har uwar ɗaka sun buɗe durowa kafin su baki yaro? Amsar ita ce eh suna shiga, amma ba yanda ake zuzutawa ba, kuma mutane da yawa da nasan zasu iya riƙon nan da kyau tsoron wannan binciken ne kawai ya hanasu ko fom ɗauka. Shi yasa nace bari in zauna in rubuta yanda abun yake daki daki kaman yanda muka bishi ni da maigida.

Mu dai riƙo ba baƙon abu bane a wurinmu, da yawanmu a hannun goggo ko inna ko kaka muka tashi, ba takarda ba sa hannu. A nan kuwa yaron da kotu ta cire daga gidansu yana hannun hukuma ne, ita zata amsa tambaya in wani abu ya sameshi, dan haka bazata miƙashi ga wanda bata sani ba. Yara sama da 300,000 ne ke cikin wannan tsarin a faɗin ƙasar, a cikinsu akwai 'ya'yan Musulmi, akwai 'ya'yan 'yan Afirka irinmu, kuma sau da yawa in aka nemi gidan da ake sallah ana girka irin abincin da yaron ya saba sai a rasa. Wannan ne ya tsaya min a rai har muka shiga.

Abu ɗaya ku riƙe tun daga nan, kowace jiha da dokarta. Gwamnatin tarayya tana da sharuɗɗan da ta gindaya amma jiha ce ke bada lasisi, a wasu wuraren ma ƙaramar hukuma ce ke tafiyar da aikin. A birnin New York hukumar ACS ce ke riƙe da yaran amma ejansi ejansi masu zaman kansu ne ke tantance gidaje, a Texas hukumar DFPS ce ke riƙe dasu, a Kalifoniya tun 2017 suka haɗe tantancewar masu riƙo da 'yan uwa da masu ɗaukar yaro na dindindin ta zama hanya ɗaya. Duk inda na ambaci adadi toh ku tabbatar da na jiharku.

Zaman farko da cike fom

Zaki kira hukuma ko ejansi kice kina son zama mai riƙo, zasu saki a zaman wayar da kai, awa ɗaya ko biyu, wasu ma ta Zoom. Kyauta ne kuma zuwanki baya nufin kin ɗaure kanki. Kije da maigida, kar kice ai zaki bashi labari in kin dawo, dan duk abun da zai biyo baya ku biyu ake so. Yawancin jihohi shekara 21 ne mafi ƙaranci, wasu 18. Ba dole sai kuna da gidan kanku ba, 'yan haya ma ana basu, bazawara ko wadda bata taɓa aure ba ma tana iya samu. A wannan zaman ne ya kamata ki fito fili ki tambayi abu biyu da suka fi damun mutanenmu, maganar takardun zama, da maganar aure in a masallaci kawai aka ɗaura ba'a je kotu ba. Gara kiji matsayinsu tun ranar farko da ace sai kin ɓata wata uku.

Fom ɗin yana da kauri. Duk adireshin da kika zauna cikin shekarun baya, wurin aiki, kuɗin shiga, auren baya in akwai, 'ya'ya har da waɗanda ke gida Najeriya ko Nijar ko Gana, da duk wanda ke kwana a gidan. Wannan na ƙarshen shi ne inda muke tuntuɓe. Mu gidanmu baya rabuwa da baƙo, ƙanin miji da yazo karatu, ƙawar da ke neman ɗaki, Hajiya da tazo wankan jego tayi wata shida. Mu lokacin ƙanin maigida yana tare damu, a ranmu ai baƙo ne bamu sashi ba, sai da matar da ke binciken tazo taga katifarsa da littattafansa, dole aka dawo baya aka ɗauki yatsunsa, ya ja mana kusan wata guda. Duk baligi mai shekara 18 zuwa sama da ke kwana a gidan ki rubutashi, wasu jihohin har matasan da basu kai haka ba suna dubawa.

Yatsu da binciken baya

Wannan babu makawa a ko'ina. Dokar Adam Walsh ta 2006 ta wajabta a ɗauki zanen yatsun masu neman riƙo a duba a rumbun FBI, sannan a duba rajistar cin zarafin yara ta jihar da kuke da duk wata jiha da wani baligi na gidan ya zauna cikin shekara biyar da suka wuce. In kin taso daga Ohio kin koma Maryland shekara uku baya toh sai an rubuta wa Ohio, kuma amsar wasu jihohin tana jinkiri, dan haka kije ɗaukar yatsu a satin da aka baki takardar.

Akwai manyan laifukan da ke rufe ƙofa gaba ɗaya, cin zarafin yaro, dukan mata ko miji da ya kai babban laifi, fyaɗe, kisa. Akwai waɗanda ke hanawa in cikin shekara biyar aka yisu, kaman babban laifin ƙwaya ko na raunata mutum. Tikitin gudu da mota baya hana kowa. Amma ko menene ya taɓa haɗaku da 'yan sanda, ko da maƙwabta ne suka kira saboda hayaniya aka zo aka tafi, ku faɗa da bakinku. In suka gani a takarda baku faɗa ba, maganar ta tashi daga laifin ta koma kan ko za'a iya yarda daku, kuma wannan yafi wuyar gyarawa.

Takardu

Ki sayi fayil guda mai aljihu aljihu. Zasu nemi katin shaida, lasisin tuƙi da inshorar mota, takardar aure, takardar saki in an taɓa rabuwa, takardar haya, takardun albashi na watannin baya ko na haraji, takardar likita ta kowa a gidan wasu har da gwajin tarin fuka, katin rigakafin yaranki, da na kyanwa in kuna da ita. Duk takardar da ba da Turanci take ba, kaman ta Faransanci ga 'yan Nijar da Kamaru ko ta Larabci, sai an fassara, ki tambayesu wace irin fassara suke karɓa kafin ki biya kowa.

Maganar kuɗi, ba masu kuɗi suke nema ba. So suke suga abun da ke shigowa yana riƙe gidan ba tare da kuɗin yaron ba. Akwai ɗan abun da ake bayarwa duk wata na ci da sutura, kuma lafiyar yaran tana kan Medicaid, inshorar lafiya ta gwamnati, amma kuɗin yakan makara a farko kuma baya wuce hidimar yaron. Masu kitso a gida da masu tuƙin tasi da masu saida abinci, in komai hannu da hannu kuke karɓa ku fara sawa a banki tun yanzu, dan adashi da "Allah na rufa asiri" basa shiga fom. Kuɗin da ake turawa gida duk wata shima ku sashi cikin lissafin kashewa, ba laifi bane, zasu gani a takardar banki dama.

Sannan mutane uku ko fiye da zasu bada shaida a kanku, yawanci waɗanda ba 'yan uwa ba. Ki zaɓi wanda ya taɓa ganinki da yara kuma yana ɗaga waya yana duba imel. Limami, maƙwabciya, shugabarki a wurin aiki. Ki sanar dasu tukuna, kar a kira mutum daga hukumar yara ya tsorata ya kashe waya yana zaton matsala ce.

Aji

Sai horo. Wasu na amfani da tsarin PRIDE wasu MAPP, shi MAPP zama goma ne na awa uku uku, awa 30 kenan, wasu jihohin nasu bai kai haka ba. Ana haɗawa da koyon CPR, wato farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya, da taimakon gaggawa. Na shiga ajin da tunanin na haifa na raina me za'a koya min, amma wallahi darasin da akayi kan yaron da ya sha wuya ya canza min tunani. Yaron da ke ɓoye burodi a ƙarƙashin filo ba ɓarawo bane, ya taɓa kwana da yunwa ne. Mai shekara tara da ke fitsarin kwance, mai cizo, mai ƙin kallon ido, wanda ko kin masa alheri sai ya zageki, duk akwai abun da ke ƙasa. Kuma ki sani masu koyarwar suna lura daku a ajin, abun da kika faɗa kan iyayen yaran da kan duka yana iya isa ga mai rubuta rahotonki.

Hirarrakin, wanda shi ne asalin hom sitadi, wato binciken gida

Nan zan daɗe dan nan ne ya fi mana nauyi. Za'a haɗaku da soshal woka guda, wato ma'aikaciyar jin daɗin jama'a, zata zo gida sau biyu zuwa huɗu, ta zauna daku tare, ta zauna da kowa shi kaɗai, har da yaranki in sun iya magana. Jihohi da yawa suna amfani da wani tsari mai suna SAFE, akwai takardar tambayoyi ta farko da zaki cike da kanki, akwai ta biyu da ake baku a gabanta kowa ya cike nashi ba shawara, ita ce mai tambayoyin shaye shaye da duka tsakanin ma'aurata da ko an taɓa cin zarafinki kina ƙarama.

Mu an tarbiyyantar damu akan sirrin gida baya fita, ciki ba dan tuwo kaɗai akayishi ba, ko sunan miji wasu basa faɗa balle su zauna da baƙuwa Baturiya suna bata labarin yanda suke faɗa da yanda suke shiryawa. Sai gashi tana tambaya, ya mahaifinki yake in ransa ya ɓaci, matansa nawa, ya zaman mahaifiyarki da abokiyar zamanta, wa ya fi kusa dake, kin taɓa ɓari, ya kika ji, in baku samu haihuwa ba kun gama jimamin ko har yanzu, wa ke riƙe kuɗi a gidan, yaushe kukayi faɗa na ƙarshe kuma akan me. Ranar farko duk amsata "lafiya lau" ce da "babu komai", maigida kuma kansa a ƙasa saboda kunya. Sai ta ajiye biro tace mana a hankali, in ta rubuta cewa gidan nan ba'a taɓa samun saɓani ba babu wanda zai yarda da rahoton, kuma ita abun da take son sani shi ne in wahala tazo ya muke yi, dan yaron da za'a kawo da wahalarsa zai zo.

Daga nan na gane. Wanda ya taɓa shiga damuwa ya fita ya fi musu amfani akan wanda yace bai taɓa ganin komai ba. Dan haka kafin tazo ku zauna ku biyu da daddare kuyi hirar da baku saba yi ba. Ku tuna wani saɓani na gaske da yanda kuka warwareshi, ko da sai da aka kira manya. Ku daidaita kan dalilin da yasa kuke son riƙon, in ke kina so shi kuma yana binki ne kawai dan a zauna lafiya zata gane a hirarsa shi kaɗai. Kuma ku bayyana mata al'ada, kar ku barta tayi ta hasashe. Ki gaya mata a wurinmu sunkuyar da kai ladabi ne, kawaici akan ɗan fari al'ada ce ba rashin so ba, maigida baya musabaha da mata saboda addini. Mun faɗa mata duk wannan ta rubuta, kuma ya taimaka. In Turancin ɗayanku bai nuna ba ku nemi tafinta, kar ku sa yaronku ya fassara irin wannan hirar.

Sai tambayar duka. Zata tambayi yanda aka horar dake, ki faɗi gaskiya, yawancinmu mun sha bulala a gida da makarantar allo. Faɗin haka baya kayar dake. Abun da ke kayarwa shi ne kice "ai gashi mun zama mutane, yaran yanzu ma ita suke buƙata". Yaron fosta ba'a dukansa, ko ɗan mari, ko jan kunne, ko kamun kunne da tsallen kwaɗo, ba'a hanashi abinci, ba'a kulleshi a ɗaki, ba'a masa barazanar za'a maidashi, kuma zaki sa hannu akan haka. Kar ki sa hannu da niyyar in an rufe ƙofa kiyi yanda kika saba. Da yawan yaran nan duka ne ya rabasu da gidajensu, ɗaga hannu kawai kikayi zaki ga yaro ya dunƙule a lungu yana rawar jiki. In kinsan hannunki yana da sauri ki fara gyarawa akan naki yaran tun yanzu, dan suma za'a tambayesu me Mama keyi in kunyi laifi, kuma yara basa iya ɓoyewa. Kar ki koya musu amsa, ana ganewa.

Zata kuma tambayi addini. Yaron da za'a kawo miki yana iya zama Kirista ko mara addini, kuma addininsa haƙƙin iyayensa ne, bazaki musuluntar dashi ba bazaki tilasta masa sallah ko azumi ba, in iyayen suna son yaje coci sai an samu hanya. Zaki iya cewa a gidanki ba'a dafa alade ba'a shigo da giya, wannan dokar gidanki ce. Zaki iya cewa kin fi son a tuna dake in an samu yaro Musulmi. Ku tattauna maganar muharramaka tun yanzu ke da maigida, in da hali ku tambayi malami, dan yaro namiji da ya balaga ko budurwa a gidan da akwai samari yana canza yanda ake zama, shi yasa wasu ke zaɓar ƙanana ko jinsi ɗaya. Shi riƙon kansa ya dace da abun da muka sani, yaro yana nan da sunan ubansa kaman yanda aya ta 5 a Suratul Ahzab tace a kirasu da iyayensu.

A ƙarshen hirar zaku cike wata takarda ta irin yaran da zaku iya karɓa, shekaru, jinsi, guda nawa, 'yan uwan juna, mai lalura, jaririn da aka haifa da ƙwaya a jikinsa. Nan kar tausayi ya ɗebeki ki tika komai. Cewa a'a a takarda yafi a kawo yaro bayan sati biyu kice a zo a ɗauka, kowane canjin gida ciwo ne a wurinsa.

Duba gidan

Yanzu ga abun da kowa ke tsoro, kuma shi ne mafi sauƙi. Ki nemi takardar abubuwan da zasu duba tun kafin ranar, suna bayarwa. Ba ƙyalli suke nema ba, tsaro suke nema, gidan da ake rayuwa a ciki da kwanuka a sinki baya damunsu.

Na'urar hayaƙi ce ta farko, a kowane hawa da kusa da ɗakunan kwana, da ta iskar gas mai kisa wadda bata da wari, kuma mai binciken zata danna taji ƙara. 'Yan uwana masu turaren wuta, nasan da yawanmu mun cire batir ko mun ɗaure na'urar da leda saboda tana ihu duk sanda aka sa kasko ko ana suya. A maida batir. Ni ma tawa ta falo a cire take, da wannan aka fara rubuta min gyara. Na koma bona ta lantarki ina buɗe taga, gawayi kuma na daina kunnashi a cikin gida gaba ɗaya dan shi kansa yana fitar da wannan iskar. A samu tukunyar kashe gobara a kusa da kicin wadda bata ƙare aiki ba, a zana taswirar fita in gobara ta tashi a manna a bango tare da lambobin gaggawa, 911 da ta cibiyar guba.

Magunguna duka a akwati mai makulli, ba a saman firij ba. Duka nake nufi, farasitamol, maganin hawan jinin Hajiya, man zafi, jiƙo da garin magani da aka aiko daga gida, kayan mata, musamman abun da aka ɗura a gorar lemo wanda yaro zai ɗauka abun sha ne. Bilic da sabulun wanki da maganin kyankyaso a sama ko a kabad mai kulle. Wuƙaƙe, har da babbar ta yankan layya, a inda hannu baya kaiwa. In akwai bindiga a kulle ba harsashi a ciki, harsashin a kulle a wani wurin daban.

Ruwan zafi kar ya wuce 120 a ma'aunin Amurka, wajen 49 kenan a namu, wasu da ɗan ma'auni suke zuwa su tara a famfo. In haya kuke ki gaya wa mai gidan da wuri. Gidan da aka gina kafin 1978 ana iya tambayar fentin dalma, musamman in yana ɓarewa kuma ƙananan yara za'a kawo. A birnin New York gini mai gidaje uku zuwa sama dole a sa ƙarfen taga in akwai yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa. Soket a toshe, wayoyin wuta kar su bi ƙarƙashin kafet, durowa mai tsayi da talabijin a ɗauresu da bango, matakala da abun riƙewa da ƙofar yara. Hita ta ɗaki wasu jihohin basa so sam. Kwamin wanka sai da shinge. Bokitin da muke tara ruwa a bayi shima a zubar, jariri na iya nutsewa a ruwa kaɗan.

Ɗakin kwana, kowane yaro da gadonsa na kansa da wurin sa kayansa. Katifa a ƙasa, kujerar falo, ko "ai zasu kwana tare da nawa" basa wucewa. Ɗakin ya zama yana da ƙofa da tagar da mutum zai iya fita ta ciki, shi yasa ɗakin ƙarƙashin ƙasa sau da yawa baya samun amincewa. Mace da namiji basa haɗa ɗaki in sun wuce wasu shekaru, wani wurin biyar wani shida ko bakwai, kuma akwai faɗin da ake so ga kowane yaro, tana iya zuwa da tef ta auna. Jariri kuma a gadonsa shi kaɗai, a rigingine, ba filo ba bargo mai kauri ba 'yar tsana. Nasan mu da jariri a jikinmu muke kwana, amma da na fosta an hana, kuma gadon nan mai gefen da ake saukewa an haramta saidashi tun 2011, in wata ta baki tsoho ki duba. Mota kuma da kujerar yara daidai shekarunsu.

Zata leƙa firij taga akwai abinci, zata shiga ɗakinku, zata buɗe kabad ɗin da kikace nan magani yake. In ta samu abun gyara zata rubuta ta baki lokaci ta dawo, ba faɗuwa bane, kusan kowa sai an rubuta masa wani abu. Wasu ejansin ma suna taimakawa da gado ko na'urar hayaƙi, ki tambaya. Ranar ki bata ruwa ko shayi ya isa, in taƙi cin abinci kar kiji haushi, kuma kar ki haɗa mata tsaraba ko turmin atamfa, dokar aikinsu ta hana kuma zai iya sata a matsala.

Rahoto da lasisi

Bayan haka zata rubuta rahoto mai shafuka da yawa akanku, shugabanta ya duba. Ki nemi karantawa, wurare da yawa suna bari, ki gyara in an rubuta sunan gari ko dangantaka ba daidai ba, dan wannan takardar ce duk mai neman wa yaro gida zai karanta kafin ya kiraki. Daga fom zuwa lasisi yawanci wata uku zuwa shida ne, namu ya kai biyar. In kika ji shiru ki tura imel cikin ladabi duk sati biyu kina tambayar ko akwai abun da ya rage daga ɓangarenku, ma'aikatan nan aiki ya musu yawa kuma suna yawan canzawa, shi yasa ki riƙe kwafin duk takardar da kika miƙa. In aka ƙi baku, ku nemi dalili a rubuce, akwai hanyar ɗaukaka ƙara. In kuma yaron ɗan uwanki ne aka cire kike son karɓa, ki faɗa da wuri, dangi ake fara dubawa kuma tun 2023 gwamnatin tarayya ta bawa jihohi damar sauƙaƙa musu sharuɗɗa.

Lasisin zai nuna yara nawa da shekarunsu, ana sabuntawa duk shekara ko shekara biyu tare da ƙarin awannin horo, kuma binciken bai ƙare ba, kes woka, wato ma'aikaciyar da ke bin lamarin yaron, zata riƙa zuwa ganinsa aƙalla sau ɗaya a wata, wani lokacin ba sanarwa. In wani zai tare a gidan, ko zaku ƙaura, ko aure ya samu matsala, dole a sanar. Hoton yaron baya hawa Facebook ko sitatus ɗin WhatsApp. Huda kunne, kaciya, aske gashi gaba ɗaya, canza suna, duk sai da izini, wasu ma sai iyaye ko alƙali. Fita dashi wata jiha sai an sani, zuwa gida hutu dashi kuwa sai kotu ta yarda kuma ba kasafai ba, dan haka in kina tafiya Kano ko Umara ki tambayi tsarin gidan da zai riƙe miki shi na 'yan kwanaki. Ƙananan abubuwa kaman zuwa wasan ƙwallo ko kwana gidan aboki, dokar 2014 ta baki damar yanke hukunci kaman kowace uwa mai hankali.

Sannan ki shiga da sanin cewa manufar farko ita ce yaron ya koma wurin iyayensa in sun gyara. Zaki riƙa kaishi ziyara, zai dawo yana kuka ko yana fushi dake, kuma baki da damar zagin uwarsa a gabansa ko da kin san abun da tayi. Dokar 1997 tace in yaro yayi wata 15 cikin 22 a hannun hukuma a fara maganar yanke haƙƙin iyaye sai in akwai dalili, amma alƙali ne mai cewa, ba ke ba. Wannan ma suna tambaya a hira, ya zakiyi ranar da aka zo ɗaukarsa, ki amsa da abun da ke ranki.

Kiran farko yana iya zuwa washegarin lasisi ko bayan wata biyu, kuma sau da yawa da daddare ne. Ki ajiye takarda kusa da waya da tambayoyinki, shekarunsa, me ya faru, yana shan magani, akwai abun da baya ci, wace makaranta, yana da 'yan uwa, yaushe ziyara, yaushe kotu. Kina da damar cewa a bani minti goma in yi shawara da maigida, kina da damar cewa a'a. Ki tanadi buroshi sabo, kayan barci masu girma daban daban, famfas, ɗan fitilar dare, da abinci mai sauƙi irin wanda yaran nan suka sani kaman taliya da madara da burodi, dan daren farko ba daren tuwo da miyar kuka bane. Yawancinsu da kayansu a baƙar leda suke zuwa, ki sayi ƙaramar jaka ki ajiye, kuma kar ki wanke ko ki zubar da abun da yazo dashi sai kin tambayeshi, ko da ya miki datti.